Na Kai Ajiyar Tsoho Kasuwa

Rubutun nan yana da tsawo, wanda ke kan aiki ya ajiye shi sai dare.

Yau kwana 11 ke nan da na goge hoton nan da ya jawo cece-kuce, amma har yanzu saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu na tambaya ko tsorata na yi, wasu na cewa Allah Ya shirye ni, wani bawan Allah ma har lambar malaminsa ya turo min wai in je a yi min ruƙiyya. Na gode masa, na san don Allah ya yi. Shirun da na yi kuwa ba na girman kai ba ne. Akwai inda ya kamata in fara zuwa in durƙusa kafin in zo nan in yi wa kowa bayani. Na je, na dawo jiya da daddare.

Ga waɗanda ba su ga hoton ba: wani aiki ne da na yi wata 7 ina yi. Tsawonsa ƙafa 8, faɗinsa ƙafa 5. Jikinsa duk kacala ce da na sa aka yanko min, na shanya, na tsaga, na saƙa kamar asabari. A tsakiya na ɗinka wata tsohuwar koma ta kamun kifi da gora ɗaya fasasshiya, a ƙasa kuma guntun fatar baƙin bunsuru. Ba mutum a ciki, ba fuska, ba dabba. Dama ni tun ina makaranta na bar zanen abu mai rai, wannan ra'ayina ne, ban ɗora wa kowa ba. Fatar nan da bayanin da na rubuta a ƙarƙashin hoton su ne suka tayar da ƙura.

Bari in faro daga tushe.

Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce a fadamar Haɗeja, ɓangaren da ruwa ke bi ya nufi Nguru. Ba zan sake faɗar sunan garin ba, faɗarsa ce ta kai ni inda nake. Can muke zuwa hutu muna yara. Abin da na taso na gani shi ne ruwa mai tafiya da dawowa. Ya zo cikin Agusta ya shafe fadama, a yi shinkafa. Ya fara ja da kaka, a bi sawunsa da wake da kabewa. Kifi ya tattaru a guraben da suka fi zurfi: tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa. Da rani mu yara mu riƙa haƙar busasshiyar laka muna neman gaiwa, wadda ke naɗe kanta a ƙasa ta yi ta barci har ruwa ya dawo. In muka ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gida, mun san damina ta ƙarato, ba sai rediyo ta faɗa ba.

Yanzu je ka gani. Kacala ce iya ganinka, ta fi mutum tsawo, kwalekwale ba ya ratsa ta. Mutane da yawa suna ɗauka wata baƙuwar ciyawa ce da aka kawo daga waje. A'a, da ma tana nan jefi-jefi a bakin ruwa. Abin da ke riƙe ta shi ne rani. Kogin Haɗeja daga kogin Kano da na Calawa yake samun ruwa, kuma da can in rani ya yi yakan ƙafe har yashi, saiwar kacala ta bushe. Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992. Daga nan babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Laka ta kwanta, ƙasa ba ta bushewa, kacala ta samu gidan zama. Ta toshe hanyoyin, sai ya zama wani gari ruwa ya kwanta masa a gona shekara da shekaru, wani garin kuma a gaba ko ɗigo ba ya isa gare shi. A cikinta jan baki ke kwana ya fito ya cinye gero da shinkafa, a cikinta sauro ke hayayyafa, ga tsargiya a jikin yara. In kuma ruwan sama ya yi yawa, kamar a 2022, ruwan ya rasa hanya ya faɗa cikin gari. Duk wanda ke da dangi a Jigawa ya san abin da aka gani a waccan shekarar.

To wannan ciyawa da kowa ke tsine wa ita na ce bari in yi aiki da ita. Kuma wallahi ta ba ni wuya. Kacala ba ta shan baba. Sau uku ina kai ta marina tana fitowa kamar an watsa mata ruwan wanki, har wani dattijon marini a Ƙofar Mata ya yi min dariya ya ce, "Malam, ita ma ta san ba ta da gado a karofi." Shi ya ba ni shawarar in rina zaren auduga in saƙa da shi. Haka aka yi. Shuɗin da kuka gani zare ne da ya sha baba da toka da katsi, jan kuma karan dafi ne irin na dukawa, baƙin kuloko ne. Ban sa fentin kanti ko ɗigo ba. Shuɗin ya fi yawa a sama, yana raguwa yana raguwa har kacala ta cinye shi a ƙasa. Wannan ɓangaren ban ji kunyarsa ba, har gobe ina alfahari da shi.

Komar kuwa ta ƙanin kakana ce na wajen uwa. Baba Tsoho muke ce masa, shi kuma Aboki yake kirana, don akwai wasan jika tsakaninmu. Ya haura 80. A ƙuruciyarsa shi ne yaron sarkin ruwan garin, shi ke riƙe masa kaya. Na san da wannan tun ina yaro amma ba a zancen a gida, irin abin nan ne da manya ke sauya magana in yaro ya shigo. Bara da na je neman koma sai na tarar da shi cikin nishaɗi, na saya masa goro, muka zauna a zaure tun bayan la'asar har aka kira isha'i. Na kunna rikoda a waya.

Ya ba ni labarin yadda ake rufe gurbi. In ruwa ya fara ja, sarkin ruwa zai sa a yi shela cewa gurbi kaza da gurbi kaza an ɗaure su. Daga ranar ba mai jefa koma, ba mai kafa mamari, ko ɗan sarki ne. Wata 4, wani lokaci 5. Wanda aka kama a ƙwace kayansa a ci shi tara, amma ya ce ba tarar ce ke hana mutane ba, tsoron masu ruwa ne. Daren da za a buɗe, su biyu ko uku za su je bakin gurbin da baƙin bunsuru da gumba, sarkin ruwa ya kira wasu sunaye, a yanka. Da safe gari ya fito a yi su, kowa ya samu, a ware na tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu. Ya ɗaga min komar ya zura yatsu uku cikin idonta, ya ce duk komar da yatsu uku ba su shiga ba, ba ta halatta a ruwansu ba, don ƙananan kifi su samu su fice. Farkon damina kuma, lokacin da kifi ke hawa cikin ciyawa don zuba ƙwai, in ka kama mai ciki sai ka mayar.

Na ce, "Baba, yaushe aka daina?"

Ya ce tun zamanin Shagari. Wa'azi ya yi ƙarfi, sarkin ruwan ya rasu, ɗansa ya ce shi ba zai gāji yanka ba. "Kuma gaskiyarsa," in ji Baba. "Ni ma na tuba, na je Makka na roƙi gafara. Abin da ya ba ni mamaki, Aboki, da muka bar yankan sai muka bar ɗaurin ma. Ai ba ɗaurin ne shirka ba." Yau da gidan sauro ake kamun kifi a gurbin, wanda ko ƙwai ba ya tserewa. Wasu ma gamalin suke zubawa, kifi ya taso matacce, a kwashe a kai kasuwa.

Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Kada in ji wannan a rediyo." Na ce haba Baba.

Ga inda laifina yake, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Da aikin ya kammala aka karɓe shi a wani baje kolin zane a Abuja mai taken sauyin yanayi. Tun bayan fashewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024, da kuma abin da ya faru a Mokwa a Mayun 2025, duk inda ka juya zancen ambaliya da muhalli ake yi, kuma masu sayen zane, musamman baƙi, suna son abin da ya haɗa muhalli da al'adar gargajiya. Na lura in na yi bayanin madatsar ruwa da laka sai su gyaɗa kai su wuce. In na ambaci baƙin bunsuru da dare da sunayen da ake kira, sai su tsaya, su matso, su fito da waya. Ban yi kwana biyu ba na koyi wane ɓangaren labari ke tsayar da mutum. Wanda zai saya ya taya naira miliyan 1 da dubu 400, kuɗin da ban taɓa riƙewa a kan aiki ɗaya ba. Cikin wannan zumuɗin na dawo masauki na saka hoton a nan, na haɗa da hoton Baba Tsoho yana riƙe da komar, na rubuta sunan garin, na rubuta sunaye biyu daga cikin waɗanda ya ce ana kira. A raina na ce ai Facebook ba rediyo ba ne. Na san ƙarya nake yi wa kaina tun a lokacin.

Magana zarar bunu ce. Kafin kwana uku hoton ya shiga WhatsApp, an yanke duk bayanin kacala, an bar fuskar tsoho da fatar bunsuru. Ya isa ƙauyen. Wani ya yi wa'azi a kai ba tare da kama suna ba, amma a garin da bai kai gida 300 ba, wa ke buƙatar suna? Yara suka fara kiransa boka in ya wuce. Mutumin da ya shekara 40 a sahun farko ya koma yin salla a ɗaki. Sannan dangin wanda zai auri jikarsa, waɗanda aka sa ranar kawo lefe, suka aiko cewa a ɗan dakata. Mahaifiyata ce ta kira ni ta faɗa min. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ka kyauta," ta kashe wayar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san wannan tarihin, na karanta shi, har na sha yin surutu a kansa. Muna Zariya an nuna mana yadda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa ba alhali ga zanen uli, ga tatsuniyoyin Urhobo. Mun ga Ladi Kwali a bayan naira 20 da tukwanenta na Gwari. Ni kuma na tashi neman namu, sai na tarar mafi yawan abin da aka rubuta kan al'adunmu na kafin Musulunci da na gefensa, baƙi ne suka rubuta. Tremearne ya fitar da littafinsa kan bori a 1914. Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya buga nasa a 1946. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito da Turanci a 1954, ita kuwa Baba ta rasu tun 1951, ba ta gan shi ba. Jean Rouch ya ɗauki 'yan hauka, 'yan ci-rani daga Nijar, a wajen birnin Akara suna cikin hawan iskokinsu. Da aka fara nuna fim ɗin a Faransa 'yan Afirka da ke wurin suka fusata, hukumar mulkin mallaka ta Ingila kuma ta hana nuna shi a can ƙasar da aka ɗauka. Ba na raina aikinsu, ba don su ba da abubuwa da yawa sun bi iska. Amma kullum ina cewa su suna da jirgin komawa gida, wanda aka ɗauka shi ke kwana da abin. Sai ga ni, jinin gidan, na yi daidai abin da nake zarginsu da shi. Nawa ma ya fi muni, don littafin Tremearne ba ya shiga aljihun kowane yaro a ƙauye cikin dare ɗaya.

Yanzu ga amsata ga ɓangarori biyu da suka cika min akwatin saƙo.

Masu cewa ina raya shirka: ban kira kowa ya yi wa aljani yanka ba, kuma ba zan kira ba. Yanka don wanin Allah haramun ne, a kan haka na taso, a kan haka nake fatan cikawa. Shi kansa mai labarin ya riga ku tuba da shekara 40. Amma ina roƙonku ku dubi tambayar da ya yi. Keɓe wuri a hana taɓa shi don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, malaman fiƙihu sun yi bayanin hima da harimin rijiya da na kogi. Kalmarmu ta hurumi ma daga can ta samo asali. Me ya hana da aka kawar da bunsurun a maye gurbinsa da wannan? Wa ya hau mumbari a kan gamalin? Ni ban taɓa jin huɗubar da aka yi kan kamun kifi da gidan sauro ba, alhali sarai ɓarna ce a bayan ƙasa. In wani ya ji, ya turo min, zan yaɗa ta da hannuna.

Ɗaya ɓangaren kuma, 'yan uwana 'yan boko da suka yi ta tafa min suna cewa addini ya kashe mana al'ada da muhalli: don Allah ku sassauta, ba da ni za a yi wannan ba. Ba liman ne ya gina Tiga ba. Injiniyoyi ne irinmu masu takardu, da lissafin tumatir da alkamar da za a noma a sama, ba tare da an lissafa masunci da makiyayi da manomin fadama da ke ƙasa ba. Ko da a ce ana yanka bunsuru goma duk shekara, kacala za ta zo. Kuma da yawanku da kuka rubuta "mu koma al'adunmu", in aka ce ku kwana ɗaya a bakin gurbin nan cikin sauro ba za ku iya ba. Ga Argungu nan ai, an riƙe al'adar hana taɓa Matan Fada sai ranar biki, bikin da aka faro a 1934 har UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2016, kuma Kabawa ba su fasa salla ba. Abin ba sai an zaɓi ɗaya an zagi ɗaya ba.

Shekaranjiya na isa garin. Na tarar da Baba Tsoho a ɗaki kan buzu, ya rame. Na cire takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa, na ma rasa ta inda zan fara. Shi ya riga ni.

"Aboki, an ce ka yi kuɗi da ni."

Na ce ban karɓa ba tukuna, Baba.

Ya yi shiru, can ya ce, "Ajiya na ba ka, ka kai kasuwa. Kuma da za ka kai, sai ka bar hatsin ka ɗauki ƙaiƙayin."

Na ba shi haƙuri har na yi kuka, ban ji kunyar faɗa ba. Na ce zan farke fatar daga jikin aikin, in ya so ma in ƙone shi gaba ɗaya. Ya ce ƙonawa ba za ta dawo da lefe ba, kuma fatar ba ƙarya ba ce, an yi, shi ya riƙe ƙafar bunsurun da hannunsa. Abin da ya dame shi, in ji shi, duk wanda ya zo masa da zancen, daga mai zagi har mai tausayi, ba wanda ya tambaye shi wata nawa ake ɗaure gurbi. Sai ya ce tunda na iya tara jama'a, in tashi in raka shi wurin liman da mai gari.

Mun je bayan magariba, karon farko da ya fita cikin mako biyu. Ni na fara magana, na ce laifin nawa ne, tsoho amana ya ba ni na ci. Liman mutumin kirki ne, ya ce zai faɗa ranar Juma'a cewa wanda ya tuba kamar wanda bai yi zunubi ba ne, kuma kiran Musulmi boka ba ƙaramin abu ba ne. Da Baba ya kawo zancen a sake ɗaure gurbi biyu daga kaka zuwa tsakiyar rani, da sunan hurumi, a buɗe da addu'a, sai wurin ya yi tsit. Mai gari ya ce shi ba ya ƙi, amma yanzu masu kamun ba 'yan garin kaɗai ba ne, akwai masu zuwa daga nesa da injin, kuma matasa da yawa da kifin yau suke sayen garin tuwon yau. Wa zai ciyar da su wata 4? Wa zai yi gadi da dare? Ba wanda ya amsa. Aka ce a sake zama bayan an yi girbi. Ban fito da wani alƙawari a hannu ba, kada wani ya ɗauka an gama.

Aikin yana nan a ɗakina a naɗe. Na kira mai sayen na ce a dakata. In har na sayar, sai da yardar Baba, ba hotonsa, ba sunan gari, ba sunayen nan biyu, kuma shi zai faɗi yadda za a raba kuɗin. Rikodin ɗin na mayar masa a katin waya, na goge nawa a gabansa, ko da yake na ji zafin gogewar, don akwai sunayen kifi da na tsuntsaye a ciki da ban taɓa ji a bakin kowa ba. Ya ce in na dawo da littafi da biro zai sake faɗa min waɗannan, sauran kuma ya tafi da su.

Maganar auren har yanzu tana rataye. Mahaifiyata da ƙannenta biyu za su je gidan mijin ranar Asabar. Ina roƙon addu'arku a kan wannan fiye da komai, yarinyar ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Sannan duk wanda ke da hoton tsohon nan a wayarsa, ko ya tura shi wani zaure na WhatsApp, don girman Allah ya goge, ya kuma gaya wa wanda ya tura wa ya goge. Wanda ya san garin kuma ya riƙe a cikinsa, kada ya rubuta min shi a ƙasan nan.